Tsoho da Yarinya: Tarihin Jigon So, Cin Amana da Ruɗi a Wasan Kwaikwayon Sifen

Gabatarwa

A Dutse da Kiyawa da Jahun, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, da zarar watan azumi ya kwana goma sai yara su fito tashe. Wani ya manna gemun auduga ya dogara sanda yana kwaikwayon tsoho, 'yan mata kuma su shirya ɗaya a matsayin amarya suna jera mata dokokin zaman gidan miji. A birnin Kano kuwa Nalako, sarkin gwagware, shi ke fitowa da ganga da igiya yana farautar waɗanda azumi ya riska ba su da mata. Wato tun kafin a san dandamali da labule, Bahaushe ya riga ya mai da tsufa da aure da rashin aure abin kwaikwayo, a yi dariya, a kuma yi hannunka-mai-sanda.

Mutanen ƙasar Sifen ma sun daɗe suna wasa da waɗannan abubuwa. Marubutansu sun shafe shekara fiye da ɗari uku suna juya tambaya ɗaya: idan aka aura wa mai dukiya yarinyar da ba a nemi yardarta ba, ta ci amanarsa ko ya zarge ta, ina mafita? Wannan maƙala za ta bi sawun amsoshin da suka bayar, har zuwa ga wasan Federico Garcia Lorca na 1933, sannan ta kwatanta su da amsar da wasan kwaikwayon Hausa ya bayar.

Andalus ba baƙuwa ba ce

Ƙasar da ake magana a kanta sananniya ce ga malaman zaure, sai dai da wani suna suka san ta. Musulmi sun shige ta a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, suka kira ta Andalus, kuma mulkinsu bai ƙare ba sai a 1492, da birnin Garnaɗa ya faɗa hannun sarakunan Kirista, lokacin Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano. Daular ta tafi, littattafanta kuwa suka ƙetaro Sahara. Ishiriniyar da ake rerawa a daren Maulidi ta Alfazazi ce, mutumin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1230. Alfiyyar da ɗalibin nahawu ke haddacewa ta Ibn Malik ce, haifaffen garin Jayyan. Alƙali Iyal mai Ashafa ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa. Wanda ya fi shafar wannan batu shi ne Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, waƙa mai baiti fiye da 1,600 a kan hukunce-hukuncen mazhabar Malikiyya. Zamanin da Dutse take gunduma a ƙarƙashin En'e ta Kano, wannan littafi da Muhtasar da Risala su ne madogarar alƙalai wajen shari'ar aure da saki.

Har ila yau, wani malamin Andalus ya keɓe littafi sukutum don nazarin so. Shi ne Ibn Hazm, wanda aka haifa a Ƙurɗuba a 994, ya rasu a 1064. Littafin, mai suna Ɗauƙul Hamama, babi talatin gare shi. Akwai babi a kan wanda ya kamu da son wanda ya gani a mafarki, akwai na wanda ya kamu da so saboda an siffanta masa mutum kawai, akwai na wasiƙa da na ɗan aike, sannan ya rufe da munin saɓo da falalar kame kai. Ra'ayinsa game da son wanda ba a gani ba shi ne gini ne marar harsashi, domin mai son yana ƙera sura ne a zuciyarsa ya bi ta. Za a ga yadda wannan magana ta sake ɓullowa a wasan Lorca bayan shekara ɗari tara.

Amsoshi uku: dariya, jini da nasiha

Abin da ya kamata a fara sani game da Sifen ta bayan 1492 shi ne aurenta na mutu-ka-raba ne. Cocin Katolika ba ta yarda da saki ba, dokar ƙasa kuma ta bi ta. Miji ba shi da ikon sallamar mace, mace ba ta da ikon fansar kanta. Bugu da ƙari, an rataya mutuncin namiji a wuyan matarsa, har ya zama ko jita-jita ta isa ta zubar da shi. Daga wannan ƙunci ne wasannin suka fito.

Amsa ta farko ita ce dariya. A 1615 Miguel de Cervantes, marubucin Don Quixote, ya buga wani gajeren wasa mai suna Tsoho Mai Kishi. Tsohon, Canizares, ya kulle yarinyar matarsa Lorenza, ya toshe tagogi, ya hana ko da maƙwabta leƙowa. Sai wata maƙwabciya, Ortigosa, ta shigo kamar dillaliya da wata shimfiɗar fata ta ado wai tana neman mai saye. Ta ware ta a gaban tsohon, saurayi ya sulale ta bayanta ya shige ɗaki. Lorenza ta kulle ƙofa tana faɗa wa mijinta abin da ke gudana da babbar murya, shi kuwa yana zaton tsokanarsa take yi. Da ya nemi shiga sai ta watsa masa ruwa a ido, saurayin ya fice. Wanda ya karanta labarun kwartaye da ke cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, ba zai ji baƙon abu a nan ba: kwarto a rumbu ko a bayan tabarma, mace mai wayo, miji mai gadin da bai tsare komai ba.

Amsa ta biyu ita ce jini. A wasan Pedro Calderon de la Barca mai suna Likitan Mutuncin Kansa, wanda aka buga a 1637, Don Gutierre ya zargi matarsa Mencia da ɗan'uwan sarki, alhali ba ta aikata komai ba. Bai kai ƙara ba, bai nemi shaida ba. Ya ɗauko wanzami da dare, an rufe masa ido, ya tilasta masa ya tsaga mata jijiya har jininta ya tsiyaye, sannan ya ce tsautsayi ne. Sarki ya gane gaskiyar abin da ya faru, amma hukuncin da ya yi shi ne ya aura masa wata matar. Wannan ba ƙagen marubuci ba ne kurum. Dokar laifuffuka ta 1870 ta tanadi cewa mijin da ya kama matarsa da kwarto ya kashe su, hukuncinsa kora daga gari ne kawai.

Amsa ta uku ita ce nasiha. A watan Janairu na 1806 aka fara nuna wasan Leandro Fernandez de Moratin mai suna Amincewar 'Yan Mata. Don Diego, ɗan shekara 59, yana shirin auren Francisca, 'yar shekara 16, bisa matsin uwarta. Cikin dare guda a wani masauki ya gano cewa ɗan ɗan'uwansa take so, kuma ta ce ta yarda ne domin an tarbiyyantar da ita kada ta taɓa cewa a'a. Sai ya janye, ya haɗa su aure, ya ɗora laifin a kan iyaye da masu tarbiyya. Jama'a sun yi cincirindo wajen kallonsa, amma bayan 'yan shekaru hukumar binciken addini ta hana nuna shi.

Lorca da tarihin wasansa

An haifi Lorca a 1898 a ƙauyen Fuente Vaqueros, kusa da Garnaɗa, ya tashi yana alfahari da gadon Andalus, har ya rubuta kundin waƙoƙi ya kira shi diwani, ya raba shi gazal da ƙasida. Wasan da ake nazari a nan sunansa Amor de don Perlimplin con Belisa en su jardin, wato Soyayyar Don Perlimplin da Belisa a Lambunsa. Sunan tauraron ma ba shi ya ƙaga ba. Ya ɗauko shi ne daga wasu takardun hotuna masu araha da ake tallarsu a tituna, inda Perlimplin yake wani mummunan tsoho abin dariya.

Wata ƙungiyar 'yan wasa mai suna El Caracol ta shirya nuna shi a Madrid ranar 6 ga Fabrairu, 1929. A ranar mahaifiyar Sarki Alfonso na 13 ta rasu, aka rufe gidajen wasa. Lokacin kuwa Janar Primo de Rivera ke mulkin kama-karya. 'Yan sanda suka dira wurin, suka kwashe takardun wasan bisa zargin batsa. Takardun sun kwanta a ofishin tsaro har sarauta ta faɗi aka kafa jamhuriya a 1931, sannan wata mata mai suna Pura Ucelay ta bi sawu ta karɓo su. Ranar 5 ga Afrilu, 1933 aka nuna wasan a Teatro Espanol, Lorca da kansa ya shirya shi.

Abin lura a nan shi ne shekarar da ta gabaci wannan. A 1932 ne jamhuriyar ta kafa dokar sakin aure, ta kuma soke sassaucin da ake yi wa mijin da ya kashe matarsa. Wato wasan ya fito daidai lokacin da ƙasar ke muhawara a kan abin da yake magana a kai. Sauyin bai daɗe ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1936, a watan Agusta 'yan tawaye suka harbe Lorca a bayan garin Garnaɗa yana ɗan shekara 38. Gwamnatin Janar Franco ta soke dokar saki a 1939, ta maido da sassaucin kisan a 1944. Ba a cire shi ba sai a 1963, saki kuwa bai dawo ba sai a 1981.

Labarin wasan

Perlimplin tuzuru ne ɗan shekara 50, mai gonaki da dabbobi, wanda littattafansa sun ishe shi. Aure ma tsoro yake ba shi. Tsohuwar baranyarsa Marcolfa ita ta matsa masa, tana cewa in ta mutu wa zai kula da shi. Ita ta sa masa maganar neman aure a baki, yana maimaitawa kamar ɗan makarantar allo. A ɗaya ɓangaren, uwar Belisa ta lissafa wa 'yarta dukiyar mutumin, ta ba da ita nan take. Ango bai nema don so ba, amarya ba a tambaye ta ba.

A daren farko Perlimplin ya shaida wa Belisa cewa bai taɓa sonta ba sai ɗazu, da ya hange ta ta kafar makulli ana yi mata ado. Ana cikin haka sai aka ji fito sau biyar daga waje. Wasu 'yan aljanu biyu suka fito suka ja labule, suka zauna suna hira a kan rufin asiri da tonon asiri. Da suka yaye labulen da asuba, ga Perlimplin a kan gado da manyan ƙahoni masu ruwan zinariya, wanda a al'adar Turawa alama ce ta mijin da aka ci amanarsa. Barandar ɗakin biyar duk a buɗe, kowace da tsani, ƙarƙashin kowane tsani da malafa. Belisa ta ce na mashaya ne masu wucewa. Daga baya Marcolfa ta zo tana kuka ta faɗa masa cewa maza biyar ne suka shigo, daga jinsuna biyar na duniya. Sai ta tarar ya riga ya sani, kuma hankalinsa kwance.

Daga nan Belisa ta fara samun wasiƙu daga wani saurayi mai jar alkyabba, wanda yake gilmawa a titi fuskarsa a rufe. Wasiƙun ba su yabon halinta, jikinta suke yabo. A karon farko ta kamu da so na gaske, har ta daina kula sauran. Perlimplin ya ce ya san saurayin, ya kuma ce zai taimake ta kamar uba. Aka sa lokacin haɗuwa, ƙarfe goma na dare, a lambu. Da ta rantse cewa tana son saurayin fiye da ranta, sai Perlimplin ya zare wuƙa ya ce zai kashe shi domin ya zama nata har abada, ya ruga cikin duhu. Jim kaɗan mai jar alkyabba ya faɗo da wuƙa a ƙirji. Ya yaye alkyabbar, sai ga Perlimplin. Shi ne mai wasiƙun, shi ne mai gilmawar. Ya mutu yana mai cewa ya sama mata ruhi. Ita kuwa ta tsaya a kan gawar tana tambayar inda saurayin yake.

So, cin amana da ruɗi

Idan aka duba da kyau, za a ga Lorca ya tattaro amsoshin magabatansa uku ya juya su. Ƙahoni da tsani da malafa na Cervantes ne, dariya ce tsagwaronta. Wuƙar ta Calderon ce, sai dai mijin ya soka wa kansa, ya zama shi ne mai ramuwa, shi ne kwarton, shi ne gawar. Janyewar tsoho domin saurayi ta Moratin ce, amma a nan saurayin babu shi.

Babban abin da wasan ya ƙara shi ne nuna cewa babu wanda ya so ɗan'uwansa a cikin ma'auratan. Perlimplin ya so surar da ya gani ta kafar makulli. Belisa ta so alkyabba da takarda, wato dai ginin nan marar harsashi da Ibn Hazm ya ambata. Cin amanar daren farko ma bai zama tushen masifar ba, reshe ne. Tushen shi ne ranar da baranya da uwa suka ƙulla aure a kan lissafi, ɗaya tana neman mai jinyar tsoho, ɗaya tana neman gona. Wannan shi ne ruɗin farko, kuma shi ya haifi sauran.

Manazarta sun rabu a kan ƙarshen wasan. Wasu na ganin sadaukarwa ce, tsoho ya ba da ransa domin yarinya ta san mene ne so. Wasu na ganin ramuwa ce mafi zafi, domin ya bar ta tana son wanda bai taɓa wanzuwa ba, ba za ta same shi ba, ba ta kuma da kabarin da za ta ziyarta. Duka fassarorin biyu suna da madogara a cikin wasan. Mai karatu Musulmi zai lura da abu biyu da shari'a ta yi tir da su, wato dayyusanci da kisan kai. Lorca bai kawo su don a yi koyi ba. Ya kawo su ne don a ga iyakar inda mutum ke kaiwa idan aka rufe shi a cikin auren da ba shi da ƙofar fita.

Amsar wasan kwaikwayon Hausa

Rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa ya fara ne a shekarun 1930 da wasanni shida da R. M. East ya buga, ya bunƙasa ta hanyar rediyo da hukumar NORLA da kamfanin NNPC na Zariya. Tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da ƙarshen shekarun 1970, aure shi ne jigon da ya fi rinjaye. A Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, magidanci mai rufin asiri ya ɗauko Kyallu daga bariki ya aura, ya wulaƙanta matansa saboda ita, dukiya ta ƙare, magana ta kai gaban alƙali. A Uwar Gulma na Mohammed Sada, Hayatu ne mai yawon banza, matarsa Halima tana gida, tsohuwa tana hura wuta, nan ma aka dangana da kotu. A Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya fito a 1979, attajiri ne ya ruɗi 'yar makaranta da abin duniya har ta yi biyu-babu.

Kamannin a fili suke. Jatau ma sura ya so, ita ma 'yar makarantar sura ta bi. Tsohuwa mai kai gwauro ta kai mari tana nan a Uwar Gulma kamar yadda take a wasan Cervantes. Bambancin kuwa guda biyu ne. Na farko, a waɗannan wasanni na Hausa yawanci namiji ne mai cin amana, kwartancin matar aure an bar wa tatsuniya da labarun zaure. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, ba da wuƙa ake warware rikicin ba. Dalili kuwa na tarihi ne. Shari'ar da ke cikin Tuhfa ta buɗe ƙofofi: miji yana da saki, mace tana da hul'i da kai ƙarar cutarwa. Zargin zina a kan matar aure ba ya tabbata sai da shaidu huɗu ko iƙirari, mai ƙazafi kuma bulala 80 ke jiransa. Mijin da ya zargi matarsa ba shi da shaida, abin da ya rage masa shi ne li'ani, ya rantse ta rantse, a raba su har abada. Da Don Gutierre ya zo gaban alƙalin da ke hukunci da littafin Ibn Asim, da Mencia ba ta mutu ba. Ke nan birni ɗaya, Garnaɗa, shi ya haifi alƙalin da littafinsa ya zama mafita a ƙasar Hausa, shi kuma ya haifi marubucin da ya nuna halin da ake shiga idan babu wannan mafita.

Duk da haka, kotu tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku. Tana iya raba aure, ta ƙayyade abin da za a mayar, amma ba ta iya komawa ranar da aka ba da yarinya ba a ji ta bakinta ba. Marubuta mata na Kano sun ɗauko wannan batu daga baya, alal misali Balaraba Ramat Yakubu a littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990, inda aka cire yarinya daga makaranta aka aura wa dattijo. Tambayar Moratin ce ta 1806, ta fito da harshen Hausa daga bakin wadda abin ya shafa.

Kammalawa

Tarihin wannan jigo ya nuna cewa yadda wasa ke ƙarewa yana bin dokar auren al'ummar da ta haife shi. Inda aka hana saki, an ƙare da dariyar ƙeta ko da gawa. Inda aka halatta shi, an ƙare a gaban alƙali da wa'azi. Abin da wasan Lorca zai ƙara wa manazarcin Hausa shi ne leƙa zuciyar ma'auratan kansu, wurin da hukunci ba ya isa. Tun a 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna da Daren Sha Biyu cewa Hausa na iya ɗaukar wasan Shakespeare. Wannan wasa na Lorca ya fi shi gajarta, 'yan wasansa shida ne kacal, kayan aikinsa kuma ba su wuce labule da tsani da jar alkyabba ba. Ya cancanci masana harshe su fassara shi, a karanta shi tare da Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma a ajin adabi.